Sakan biyar da ya ƙi zama a kan kiɗa

Da Baba zai ajiye aiki, Yaya ta ɗora min haɗa hotunansa su zama bidiyo guda mai kiɗa, a haska wa mutane ranar taron. Hoto 140 ta turo, wasu na waya, wasu tsofaffin alabam da aka sake ɗauka. Na zuba su cikin manhaja, na shimfiɗa waƙa a ƙasa, manhajar ta ba kowane hoto sakan 5 kamar yadda aka saita ta tun asali. Hotuna suka kai minti 11 da sakan 40, waƙa kuwa minti 3 ce da sakan 36. Dole na yi ta zubarwa har suka yi daidai da tsawon waƙar, na tura mata.

Amsarta gajera ce. “Ƙanina, hotunan sun yi kyau, amma kamar su da waƙar ba sa ga maciji.”

Na sake kallo sau uku kafin na ji abin da take nufi. Wani hoton ya sauya daidai kan bugun ganga, na gaba ya makara, na bayansa ya faɗo a tsakiyar kalmar mawaƙi. Sai na ɗauko agogon waya, ina buga yatsa a tebur ina ƙirgawa: bugu 25 cikin sakan 15. A ninka sau huɗu, bugu 100 ke nan a minti, kowane bugu sakan 0.6. Kiɗan yana tafiya huɗu-huɗu, na farko ya fi nauyi, layin waƙa ɗaya kuma yana cin bugu takwas, wato sakan 4.8. Ni kuma na ba hotuna sakan 5. Wannan ɗan bambanci na 0.2 shi ne ɓarnar, domin taruwa yake yi. Kowane hoto na uku yana faɗawa kan wani bugu, amma ba mai nauyin ba, sai an yi hoto goma sha biyu ake sake haɗuwa da bugu mai nauyin. Shi ya sa abin yake dacewa jefi-jefi, ya sake kuɓucewa.

Na koma na sa alama. A manhajojin haɗa bidiyo na Premiere da DaVinci Resolve duka harafin M ne ke ajiye alama inda ka tsaya, don haka na saki waƙar ina danna M duk bugu takwas. A nan na sake yin wata wauta. Da abin kunne na Bluetooth nake saurare, shi kuwa sautinsa yana isowa a ɗan makare, sai alamomina duka suka zauna bayan bugun. Da na faɗaɗa zanen sautin na ga tsinin kowane bugu a gefe guda, alamata a wani gefen. Na sa abin kunne mai igiya, na jawo alamomin kan tsinin da hannu. Aikin a kan firam 30 a sakan yake, wato kowane sakan na bidiyon an raba shi gida 30, bugu ɗaya firam 18, layi ɗaya firam 144. Daga baya ma na riƙa matso da yankan firam ɗaya ko biyu kafin bugun, domin a idona hakan ya fi zama daram fiye da a ɗora shi kan tsinin cif.

Komai ya hau kiɗa, amma bidiyon ya koma kamar agogon bango. Hoto, hoto, hoto, duk tsawonsu ɗaya, kafin minti guda ni da na haɗa ma hankalina ya tafi wani wuri. Hoton fuska ɗaya ido na gama karanta shi cikin sakan biyu. Hoton Baba da abokan aikinsa kusan ashirin kuwa, kafin ka gano inda yake tsaye an ɗauke. Sai na daina auna hoto da sakan, na koma auna shi da bugu. Na mutane da yawa bugu goma sha shida, sakan 9.6. A baiti, inda muryar ta kwanta, bugu takwas. Da amshi ya shigo ganguna suka tashi, bugu huɗu, har da wani wuri da na jera hotuna huɗu na rana ɗaya, kowanne bugu biyu. Rubutun shekaru da na sa a tsakani, sai na karanta shi da baki sau biyu kafin in bari ya wuce.

Salon sauyawa kuwa, kunyar faɗa nake ji. A zubin farko babu wanda ban taɓa ba: mai juyawa, mai buɗewa kamar labule, mai tarwatsewa. Duk na share, na bar yanka kai tsaye da narkewa, sai duhu sau biyu inda shekaru suka yi tsalle.

Narkewar ce ta fi ba ni aiki. Manhaja tana ɗora tsakiyarta a kan mahaɗar hotuna biyu, saboda haka idan bugun ya sauka, rabin tsohon hoto ne da rabin sabo, babu abin da ido zai kama. Na jawo ta baya ta yadda za ta ƙare a kan bugun, sabon hoto ya cika daidai lokacin da gangar ta sauka. Tsawonta ma na mayar bugu biyu, sakan 1.2. Sannan tana cin lokacin hoto: hoton sakan 2.4 da narkewa irin wannan, rabin zamansa a dushe yake. Don haka a amshi yanka kawai nake yi. Fuska biyu manya kuma ba na narkar da ɗaya cikin ɗaya, tunda na ga Baba da ido huɗu.

Akwai ɗan motsin nan da ake sa wa hoto yana matsowa a hankali, wanda ake kira da sunan Ken Burns, Ba'amurke mai shirya fina-finan tarihi. Daga 100 zuwa 108 cikin ɗari ya ishe ni. Da na wuce haka a tsofaffin hotunan, sai fuskoki su dagule.

Daren jajibirin taron na nuna wa Mama a kwamfuta. Tana kallo shiru har aka zo wani hoto baƙi da fari, Baba yana saurayi a bakin ƙofar ofis, ranarsa ta farko. Na ba shi bugu huɗu ne don ya dushe, gefensa ma a yage.

“Tsaya. Mayar min da wannan.”

Na mayar. Ta matso da fuskarta kusa da allon, ta daɗe.

“Wannan kake wucewa da gudu haka?”

Na ce, “Mama, a cikin amshi yake, wurin sauri ne.”

“To fitar da shi daga amshin.”

Na ɗauke shi na kai farkon baiti na biyu, na ba shi bugu goma sha shida. Don ya sami wuri sai da hotuna biyu suka fita, duka biyun kuma ni ne a ciki.