Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Alhamis ɗin da ta ja mini wasiƙar Baffa

Makon jiya na tsaya a kan wasiƙar faɗa da Baffa ya aiko mini ina karatu a Masar. To ga abin da ya jawo ta.

Ina shekara ta biyu a Azhar, wata Alhamis na hau mota daga masaukinmu na Madinatul Bu'us zuwa dandalin Tahrir, inda gidan tarihin Masar yake tun 1902. Niyyata in ga gawar Fir'auna da idona. Inna, Allah Ya ji ƙanta, duk sanda aka karanta ayar Suratu Yunus, inda Allah Ya ce zai tsirar da jikinsa ya zama aya, sai ta ce, "Gani ya kori ji, ɗan nan." Ita ko Zariya ba ta taɓa takawa ba.

Ɗakin gawarwakin sarakuna kuɗinsa daban, abincin kwana biyu na bayar. Ga Ramsis na biyu, mai shekara 66 a kan mulki, kwance cikin gilashi, hanci a lanƙwashe, gashi ja-ja da lalle. Wasu na cewa shi ne na zamanin Annabi Musa, wasu na cewa ɗansa Marnaftah ne. Ban jima ba na fito. Fuskar zinaren Tutankamun kuwa Turawa sun yi mata rumfa, leƙe kawai na yi.

Wani mutum-mutumin katako ne ya tsayar da ni. Dattijo mai tumbi, kai a aske, sanda a hannun hagu, ƙafa ɗaya gaba kamar zai fita zagayen gona. Idanun na dutse mai ƙyalli ne da aka zagaye da tagulla, duk inda ka matsa suna binka. Ka'afar sunansa, ya haura shekara 4,000, amma leburorin da suka tono shi a Sakkara suka ce ai wannan mai garinsu ne, shi ya sa har yau Shaihul Balad ake ce masa. Ni kuwa wallahi Baffa na gani. Har yadda yake tura leɓe in an kawo masa ƙara.

A bene kuma na tarar da ƙananan shanu na itace daga kabarin wani babba, Meketre. Makiyaya na kora su, maigida na zaune a rumfa, magatakarda na ƙirga. Na ce lallai jangali ya daɗe a duniya. Dariyar nan da na yi ita mutumin nan ya gani, wanda na ce muku ba zan kama sunansa ba saboda 'ya'yansa. Shi ya rubuta gida wai na koma ziyarar gumaka.

"Mun tura ka neman ilimi, ka tafi gaida gunki." Wasiƙar Baffa ke nan, layi ɗaya. Wata bakwai ba sisi daga gida, ful da gurasa safe da dare.

A 2021 da aka kwashe gawarwaki 22 daga Tahrir zuwa sabon gidan tarihi a unguwar Fusɗaɗ, da kaɗe-kaɗe da motoci na musamman, shi mutumin ne ya fara turo mini bidiyon, wai "Malam ka tuna zamaninmu?" Na tuna mana. Gani ya kori ji, in ji Inna, sai dai Baffa ji ya yi, bai kuma taɓa tambayata me na gani ba. Shekara tara muna cin tuwo a zaure ɗaya bayan dawowata, ban iya gaya masa na ga kamarsa a Alƙahira ba.