Aljani ba ya zuwa karɓar bashi sau ɗaya

Duk wanda ya yi aikin gyaran labaran aljanu da sarakuna don wasan radiyo a nan Maraɗi ya san takardar da ke dawowa daga teburin shugaban shiri: jan biro a kan duk jimlar da ta fito sau biyu, a gefe an rubuta "lokaci". Har gobe ban yarda mai biron ya san abin da yake yankewa ba.

A labarin da sarki ya ci bashin aljani, a ce ruwa aka ba garinsa a shekarar fari, maimaici shi ne littafin bashin. Maganar guda ce, sau uku za a ji ta a fada: "Ranka ya daɗe, mai rijiya yana gaisuwa." Karon farko manzon aljani ya faɗe ta da murya ƙasa-ƙasa. Karo na biyu ya ɗaga murya, "ranka ya daɗe" kuma ta ɓace. A na uku manzo bai zo ba sam, Galadima ne ya furta ta gaban fadawa, nan mai sauraro zai gane bashin ya koma makamin masu neman gadon sarauta. Cire na biyun don ka tsira da minti biyu, sai tawayen Galadima ya zo babu tushe, masu kiran waya su yi ta tambaya me sarki ya yi masa. Laifin kuma a kan marubuci ake ɗora shi.

Bamaraɗe ba baƙon wannan salo ba ne. Katsinawan da jihadi ya fitar daga Birnin Katsina suka kafa Maraɗi a ƙarƙashin sarkinsu Ɗan Kasawa, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. Duk sanda sanƙira ya ɗaga murya da sunan nan, tuni yake yi da bashin sarautar da ake bi.

Sauran ƙa'idojin maimaicin ba su da wuya. Kada a sauya kalma don ado: "gaisuwa" ta zauna gaisuwa, domin tana nufin sallama, tana kuma nufin abin da ake kai wa na sama. Abu kaɗan ke canzawa a kowane karo, ko murya, ko mai faɗa, ko adadin: raƙumi bakwai, sannan saba'in. Karo na huɗu kuwa yara kan riga ɗan wasa faɗar jimlar, dariya ta cinye tsoron.