Abin da ƙwayoyin silika masu ramuka suka koya mini a ɗakin gwaje-gwaje

Duk wanda ya fara nazarin ƙwayoyin silika masu ramuka, wato ƙananan ƙwayoyi na sinadarin da ke cikin yashi, kyawun tsarinsu ne ke fara ɗauke masa hankali. A shekarar 1992 masu bincike na kamfanin mai na Mobil a Amurka suka bayyana nau'in da suka sa wa suna MCM-41, wanda ramukansa suke jere reras kamar saƙar zuma, kowane rami faɗinsa 'yan nanomita ne kacal, alhali sai an raba mita ɗaya gida biliyan kafin a sami nanomita guda. Idan aka haɗa faɗin bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya na wannan gari, yakan kai kusan murabba'in mita 1,000. Harkar man fetur ce ta haifar da shi, sai a 2001 María Vallet-Regí da abokan aikinta a Madrid suka nuna cewa ana iya ɗura maganin ibuprofen a cikin ramukan, ya riƙa fita sannu a hankali.

Da na shiga aikin amfani da waɗannan ƙwayoyi wajen kai maganin ciwon daji zuwa ga ƙari, na fahimci cewa ramukan ba sa samuwa da kansu. Ana gina silikar ne a kewayen dunƙulen wani sinadari dangin sabulu mai suna CTAB, daga baya a cire shi, ko dai ta hanyar ƙonawa a zafin da ya kai kimanin digiri 550, ko ta wanke shi da sinadari mai asid. Shi kuwa CTAB guba ne ga ƙwayoyin halitta, domin yana fasa fatarsu. In ragowarsa ta maƙale a ramuka, ƙwayoyin ciwon daji za su mutu a farantin gwaji, mai bincike kuma ya ɗauka maganinsa ne ya yi aiki. Saboda haka ba na karɓar kowane sakamako, nawa ko na wani, sai an gwada ƙwayoyin silikar fanko, ba magani a cikinsu, a gefe guda.

Darasin da ya fi zauna mini a rai ya shafi jini. Muna auna ramukan da iskar naitirojin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, muna ɗaukar hotonsu a busasshe da na'urar ilekturon mai girmama ƙananan abubuwa, sannan mu rubuta girmansu da cikakken tabbaci. Amma da zarar ƙwayar ta shiga jini, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci furotin iri-iri sukan lulluɓe ta, girmanta ya ƙaru, cajin samanta ya sauya, har alamomin da muka sha wahalar liƙa mata don ta gane ƙari su kan ɓuya a ƙarƙashin wannan lulluɓi. Abin da garkuwar jiki ke gani ke nan, kuma shi ya sa hanta da saifa ke kwashe mafi yawan abin da aka yi allurarsa. A 1986 Matsumura da Maeda a Japan sun nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, manyan sinadarai na iya taruwa a cikinsa, kuma a kan wannan aka gina fata mai yawa. Sai dai a 2016 ƙungiyar Warren Chan a Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, ta gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na ƙwayoyin ke isa ƙari. An yi muhawara a kan yadda aka lissafa adadin, amma ni ya sa na daina auna ƙwayoyina a ruwa zalla. Yanzu sai na jiƙa su a ruwan jini tukuna, sannan in duba girmansu da saurin fitar magani.

Wannan bai karya mini gwiwa ba. Doxil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, ya naɗe maganin ciwon daji mai suna doxorubicin a cikin ƙwayar kitse, kuma babban alherinsa ga majinyata shi ne rage illar da maganin ke yi wa zuciya. Mai fama da ciwon daji ya san darajar wannan sauƙi.

Tambayar da nake fara yi a kan kowace sabuwar ƙwaya ita ce ta ina za ta fita daga jiki. Ƙwayoyin silikar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Cornell, waɗanda girmansu bai kai nanomita 10 ba, sun kai ga gwaji a jikin mutane, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne ƙoda na iya tace su su bi fitsari. Waɗanda suka kai nanomita 100 ba su da wannan hanya. Dole sai sun narke sun zama asid na silika kafin jiki ya rabu da su, saurin narkewar kuma ya danganta da kaurin bangonsu da abin da aka shafe su da shi.