Furojet ɗin jiyoloji: a daji ake yin sa, ba a ɗakin kwamfuta ba

Ɗalibin jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, da ya shiga ajin ƙarshe a Zariya ko a cikin garin Kaduna, ya sani Allah ya hutar da shi tafiya mai nisa. Mafi yawan ƙasar jihar nan tana zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, wato nais da migmatait da shist, sai giranit da ya kutsa cikinsu shekara wajen miliyan 600 da suka wuce. Dutsen Kufena da ke gefen Zariya yana cikin irin wannan tsohon giranit. Can kudu kuma duwatsun Kagoro na cikin jerin giranit masu ƙarancin shekaru, dangin na Jos. Saboda haka ba rashin abin bincike ke kayar da ɗalibai ba. Abin da ke kayar da su shi ne zaɓen fili fiye da ƙarfinsu, sannan su dawo daga daji da littafi rabi babu komai.

Fara da wurin da za ka iya zuwa sau uku ko huɗu ba tare da fargaba ba. Shist ɗin Birnin Gwari da na Kushaka sun shahara saboda zinariya, kuma taken ya yi daɗi a bangon furojet, amma yankin ya sha fama da matsalar tsaro, kuma babu makin da ya kai ran mutum. Fili mai kilomita 5 a tsaye 5 a kwance ya ishi ɗalibi ɗaya idan zai taka shi da ƙafa da gaske. Kafin ka ɗaga guduma, karɓi takarda daga sashe, ka kai wa dagaci ko mai unguwa, ka ce: "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, duwatsu muka zo dubawa." Baƙon da aka gani yana fasa dutse yana zubawa a jaka, nan da nan za a ce mai neman ma'adini ne. Ka nemi a haɗa ka da wani ɗan gari. Shi ya san inda falalen dutse yake a bayan gona, da rafin da ya ƙafe ya bar dutse a fili.

Lokacin fita shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ciyawa da dawa sun rufe komai, rafuka kuma sun cika.

Taswirar da aka saba samu ita ce mai ma'aunin 1:50,000, inda santimita ɗaya ke daidai da mita 500. Ta yi ƙanƙanta ga irin wannan aiki, sai a faɗaɗa ta zuwa 1:25,000 ko 1:10,000. Akwai tarko a nan da ɗalibai da yawa ba sa lura: tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne bisa tsarin tantance wuri da ake kira Minna, wayarka da na'urar GPS kuwa suna zuwa a kan wani tsarin daban, WGS84. Idan ba ka daidaita su ba, kowane wuri da ka ɗiga zai goce da gomman mitoci, sai ka ga dutsen da ka tsaya a kansa ya faɗa tsakiyar rafi a takarda.

A kowace tasha, wato duk inda ka tsaya duba dutse, rubuta lambarta, da wurin, da launin dutsen a inda ka fasa sabo, da girman ƙwayoyinsa, da ma'adinan da ka gani da ɗan madubin hannu mai ninka girma sau goma. Giranit mai manyan ƙwayoyin ma'adinin felsifa, irin waɗanda suka kai tsawon ɗan yatsa, auna su da rula ka rubuta, kada ka ce "manya" kawai. Sai awon inda layukan dutsen suka miƙa da yadda suka karkata. A nan kamfas ke yaudarar mutum. Ajiye guduma da waya nesa da kai kafin ka karanta, domin ƙarfe yana jan allurar. Layukan dutsen tushe a wannan yanki yawanci suna bin arewa zuwa kudu ne ko kusa da haka, don haka idan awonka ɗaya ya fita daban, sake aunawa, kuma ka tabbata ba ƙaton dutsen da ya gangaro daga tsauni kake aunawa ba. Awo uku a tasha ɗaya ya fi ɗaya. Rubuta da fensir, biro yana narkewa da zufa. Hoto kuma ba ya maye gurbin zane da hannu, kuma duk hoton da babu guduma ko kamfas a ciki don nuna girma, ba shi da amfani ranar kare furojet.

Samfurin da za ka ɗauka ya kai girman dunƙulen hannu, kuma sabo ne daga ciki, ba ɓawon da rana da ruwa suka cinye ba. Ruɓaɓɓen dutse yana marmashewa a injin yanka, felsifarsa ta riga ta koma yumɓu. Inda masu fasa dutse ke aiki a nan ake samun mafi kyau, a nemi izininsu. Rubuta lamba a jikin dutsen da kuma a jakar. Siririn yankan da za a duba a maikuroskof kaurinsa milimita 0.03 ne. Idan ka ga ma'adinin kwaz ya fito rawaya maimakon fari-fari ko toka-toka, yankan ya yi kauri, a mayar a ƙara goge shi. Yanka takwas ko goma da aka zaɓa da hankali, kowane nau'in dutse ya samu wakili, sun fi ashirin daga tsauni ɗaya, kuma sun fi sauƙi ga aljihu.

Wanda ya zaɓi binciken ruwan rijiyoyi da burtsatse, kwalba biyu zai cika a kowane wuri. Ɗaya a tace ta a ɗiga mata asid na naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, ya sauka ƙasa da 2, domin kada ƙarafan da ke narke su kwanta a jikin kwalba. Ɗayar a bar ta haka a sanyaya. A auna pH da zafi da ƙarfin ɗaukar lantarki a bakin rijiyar nan take, saboda suna canzawa a hanya. Burtsatse kuma a buga shi na wasu mintuna a zubar kafin a ɗiba. Idan sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji, lissafa daidaito tsakanin jimillar sinadarai masu cajin fozitif da ta masu cajin negatif. Bambancin da ya wuce kashi 5 cikin ɗari alama ce ta kuskure a wani wuri, a koma a tambaya tun kafin a zana jadawali.

Masu auna juriyar ƙasa da lantarki don neman ruwa, matsalarsu da rani ita ce marmara da fako. Sandunan ƙarfe ba sa kama ƙasa, karatun sai ya riƙa tsalle. A buga su sosai, a zuba ruwa mai ɗan gishiri a gindinsu, a nisanci wayar wuta da bututun ƙarfe. Kowane awo a ɗiga shi a takardar jadawali tun ana filin, ta yadda wanda ya kauce za a maimaita shi kafin a naɗe waya.

Kowane dare, kafin barci, a kwafe awon ranar a taswira mai tsabta, a ɗauki hoton shafukan littafin da waya. Ka tabbata malamin da ke duba aikinka ya ga taswirar nan bayan fita ta farko, tun akwai sauran rani da kuɗin mota na komawa cike gurbin da ya nuna maka.