Birkin motar gida a filin tsere: me ke fara gazawa, kuma me ya sa

Motoci irin su BMW 340i da Subaru WRX da Audi S4 an ƙera su ne don a kai yara makaranta da safe, a kuma ji daɗin totur idan hanya ta buɗe. A Jamus da Ingila da Afirka ta Kudu masu irin waɗannan motocin kan biya kuɗi su shiga filin tsere a ranakun da ake buɗe shi ga kowa, kamar Nürburgring mai tsawon kilomita 20.8, ko Brands Hatch, ko Kyalami. Ba gasa ake yi ba. A yawancin filayen rukuni-rukuni ake sakin mutane, kowane rukuni minti 15 zuwa 20. Inji yakan jure wannan. Birki ne ke fara gajiya, sau da yawa tun ba a yi zagaye biyar ba.

Dalilin zafi ne, kuma lissafinsa a fili yake. Mota mai nauyin kilo 1,600 da aka rage mata gudu daga kilomita 180 a awa zuwa 80 tana zubar da ƙarfin da zai tafasa ruwa kusan lita biyar, cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan zafin a birkin gaba yake sauka. Idan faifan birkin gaba biyu, wato ƙarafan da ke juyawa tare da taya, sun kai kilo 20 a haɗe, taka birki ɗaya tak zai ƙara musu sama da digiri 100 a ma'aunin Selshiyos. A kan titi mutum kan yi irin wannan takun sau ɗaya, ya yi tafiyar minti goma birkin na hucewa. A filin tsere bayan daƙiƙa ashirin wata kwanar ta sake zuwa. Zafi na hawa kan zafi har faifai ya kai digiri 500 ko 600. Kamfanin bai yi ha'inci ba. Birkin da ya saka ba don wannan aikin aka auna shi ba.

Gazawar iri biyu ce, kuma dole direba ya iya bambance su da ƙafarsa, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, ka taka feda ka ji ta da tauri yadda ka saba, amma motar ba ta rage gudu yadda ya kamata, ga wari kamar na ƙonannen kuloci. Wannan takalmin birki ne, wato abin da ke goga faifan, ya wuce zafin da zai iya ɗauka: ƙaron da ya haɗe sinadaransa ya fara ƙonewa, kamunsa ya ragu. Tana ba da gargaɗi, tana zuwa a hankali. Ta biyu ita ce mai ban tsoro. Feda ta yi laushi kamar soso, ta nutse har kusa da ƙasa. Man birki ne ya tafasa a cikin kalifa, wato muƙamuƙin da ke matse faifan, ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi maimakon ya tura fistin da ke danna takalmin. Abin da ke samun manyan motoci a gangaren Hawan Kibo idan direba ya dogara da birki ya ƙi saukar da giya, danginsa ne.

Saboda haka da man birki ake farawa, kuma shi ne mafi araha. Ƙa'idar DOT 4, ɗaya daga matakan ingancin man birki, ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar ta sauko zuwa 155. DOT 3 kuwa 205 ne da 140. Shan ruwan ba sai an zuba masa ba, daga iska yake zuƙar danshi ta jikin tiyo da murfin tanki. Man da ya shekara biyu a mota bai da hurumin shiga filin tsere. A zubar da shi gaba ɗaya, a sa mai jure zafi irin Motul RBF 600, wanda sabonsa ke wuce digiri 300, ko Castrol SRF, wanda ko ya sha ruwa yana kai 270. Lita ɗaya takan isa. A yi amfani da gorar da ba a taɓa buɗewa ba, a bi tayoyin bisa jerin da littafin motar ya nuna, galibi daga wadda ta fi nisa da tankin man, har sai mai tsabta ya fito ba kumfa. Kada a kuskura a sa DOT 5: na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. DOT 5.1 daban ne, shi yana haɗuwa.

Sai takalmi. Sabo yakan zo da kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma rana ɗaya mai zafi tana iya cinye abin da titi zai shekara bai ci ba. Wanda ya rage ƙasa da rabi kada a shiga da shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ba ƙarewar kaɗai ake gudu ba. Naman takalmin shi ne katanga tsakanin faifai mai zafi da man birki, yana sirancewa zafi na saurin kaiwa ga fistin. A cire taya a duba na ciki da tocila, domin a kalifa mai zamewa na ciki kan riga na waje cinyewa, wani lokacin ma a karkace. Ga mai zuwa fili jefi-jefi, takalmi na tsaka-tsaki irin Ferodo DS2500 ya wadatar. Na tsere zalla yana da ƙara, yana baƙanta rim, yana cin faifai, wasu kuma ba sa kamawa sosai da sanyin safiya.

Sabon takalmi sai an zaunar da shi. A hanya marar kowa, a taka da ƙarfi daga kilomita 100 a awa zuwa 20 sau takwas zuwa goma a jere, ba tare da an tsaya cak ba, sannan a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki ba. Abin da ake nema shi ne ɗan siririn shafe na takalmin ya kwanta daidai a fuskar faifan, za ka gan shi launin toka-toka mai ɗan shuɗi.

Wannan shafen ne asalin abin da makanikai ke cewa "faifai ya lanƙwashe". Mafi yawan lokuta bai lanƙwashe ba. Mutum ya fito daga fili da birki kamar garwashi, ya tsaya ya ɗora ƙafa a feda ko ya ja birkin hannu, takalmin ya manna hotonsa a wuri ɗaya. Daga nan duk takun birki sitiyari na karkarwa. Zagaye na ƙarshe a yi shi a hankali don iska ta yi aikinta. A wurin fakin a bar motar a giya, a sa mata waigi, bayan minti biyu a ɗan tura ta gaba don kada wuri ɗaya ya zauna ƙarƙashin takalmi.

Shi faifan, mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce yake a jikinsa. Ƙananan tsage-tsage kamar gashi a fuskarsa ba abin damuwa ba ne. Tsagar da farce ke maƙalewa a cikinta, ko wadda ta kai baki, ta gama da faifan. Masu huji-huji suna da kyan gani, amma daga bakin hujin suke fara tsagewa. Faifai marar huji ko mai zane ya fi su ƙarko.

Akwai ɓarawon da ba a cika lura da shi ba: na'urar hana santsi. A motoci da yawa, idan taya ta so zamewa a fitowar kwana, kwamfutar motar birki take taka mata ba da sanin direba ba. Shi ya sa za ka ga takalmin baya ya ƙare da wuri, abin ya ɗaure wa mai motar kai. Sabon shiga kada ya kashe ta. Ya sassauta totur a fitowar kwana har fitilarta ta daina ƙiftawa. Haka ƙafar direban kanta. Taku mai ƙarfi, gajere, a saki, ya fi a ja birki a hankali tun daga nesa, domin ya fi barin lokacin hucewa. Ɗaga ƙafa daga totur da wuri a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ma yana da tasiri ƙwarai: isa kwana a 160 maimakon 180, idan a 80 za a shige ta, yana rage zafin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

A ganina sayen manyan kalifa da faifai tun farko asarar kuɗi ce ga mafi yawan mutane. A fara da mai, da takalmi, da tiyon iska mai faɗin inci biyu da rabi zuwa uku daga bamba zuwa tsakiyar faifan, inda fukafukan cikinsa ke zuƙar iska. Sai an canza zuwa tayoyi masu kamu sosai, motar ta fara shiga kwana da gudun da ya fi na da, sannan maganar babban birki ke tasowa. Bayan an dawo gida a duba robobin da ke rufe fistin, don sukan ƙone su farfashe, a sake cire iska daga kowace kalifa, a kuma ɗaure notocin taya da ma'auni bayan sun huce.