Shimfiɗar but ɗin jif: sai a ta uku na dace

Jarka ce mai cin lita 20 ta koya mini wannan darasi. Na cika ta da ruwa, na sa a but ɗin motata, ashe murfin bai zauna daidai ba. Wani birki da na taka ya kwantar da ita, kafin in ankara rabin ruwan ya tsiyaye cikin kafet. Na goge, na bar ƙofa a buɗe wuni guda, na ɗauka magana ta ƙare. Bayan mako ɗaya wari ya taso, irin na rigar da aka ninke da danshinta. Da na ɗaga katakon da ke rufe safayar taya, sai ga ruwa kwance a ramin, soson da ke ƙarƙashin kafet ya sha ya ƙoshi, gefen wani ƙarfe har ya fara jan tsatsa. Ranar na ƙudurta sai na nemo shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa.

Ta farko da na saya ta yadi ce, irin polyester ɗin da ake rubuta wa 600D, an shafa mata wani abu kamar leda a baya. Tana da kyau a ido, tana rufe har bayan kujeru da bangon but. Yayyafi da jiƙaƙƙun takalma ba su dame ta ba. Amma da na gwada zuba mata kofi biyu na ruwa na bar shi, sai ya bi layin ɗinki ya sauka ƙasa. A nan na gane cewa abin da ke jure ruwa daban, wanda ruwa ba ya ratsawa daban. Duk inda allura ta bi, ta bar ƙofa, sai fa idan an like ɗinkin ta baya.

Ta biyu roba ce shimfiɗaɗɗiya, wadda ake yankawa da almakashi a daidaita da kowace mota. Ruwa ba ya ratsa ta, gaskiya ne, amma ba ta da baki. Ruwan sai ya gangara a kanta ya faɗa gefe, ya shige ƙarƙashi, robar kuma ta rufe shi ta hana shi bushewa. Wato ta fi rashinta illa. Ga kuma wari idan mota ta daɗe a rana, wanda na fi zargin PVC, wato nau'in robar da aka yi ta da shi.

Sai a karo na uku na zauna na yi tunani kafin in saya, kuma abin da na tsaya a kai shi ne baki. Shimfiɗar kirki kamar faranti take, gefenta a ɗage yake, wasu har kusan santimita 5. Yi lissafi: but mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, da baki santimita 5, zai riƙe lita 50 idan mota tana tsaye a wuri mai daidai. A kan hanya ba haka ba ne, domin kwana da birki suna watsa ruwa, kuma bakin da ke wajen ƙofa yakan fi gajarta don a ji daɗin tura kaya. Duk da haka, abin da zai zube daga jarka ko tukunyar shuka zai tsaya a ciki har ka isa gida. Shi ya sa nake son mai zurfafan layuka a tsakiya: ruwa ya kwanta a cikinsu, kaya su zauna a sama ba su jiƙe ba.

Ta ukun da na saya, kayan da aka yi ta da shi TPE ne, wani nau'in roba mai laushi da ake zubawa a ma'auni ya ɗauki siffar but ɗin. Ba ta da nauyin baƙar roba, ba ta wari, kuma sanyi ba ya sa ta ƙage. Kamfanoni irin su WeatherTech da Husky Liners suna yin shimfiɗu da aka auna wa kowace mota nata, akwai wasu da dama. Amma a nan ma na kusa yin kuskure da hannuna. Motata RAV4 ce ta 2016, na kusa ɗaukar ta 2019 don sunan ɗaya ne, alhali a 2019 aka sauya fasalin motar gaba ɗaya. Sunan mota kaɗai bai isa ba, sai da shekara. Idan jif ɗinka mai layin kujeru uku ne, kamar Highlander, sai ka yanke shawara: shimfiɗar bayan layi na biyu kake so ko ta bayan na uku, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Ni dai na ɗauki tef na auna faɗin tsakanin tudun tayoyin baya, da tsawo daga kujera zuwa ƙofa, na gwada da abin da aka rubuta.

Akwai ƙananan abubuwa da ban kula da su ba sai da na fara amfani. Zoben ƙarfen da ake ɗaure kaya da su, a duba ko shimfiɗar ta bar musu hanya. Idan kuwa ka yanka musu rami, ka san ka buɗe wa ruwa ƙofa. Ni ban yanka ba. Samanta kuma kada ya zama mai santsi, in ba haka ba kaya su yi ta yawo. Idan kana yawan kwantar da kujerun baya, waɗanda galibi suke rabe 60 da 40, farantin ba ya rufe bayansu, sai ka nemi ƙarin abin rufewa daban.

A naɗe aka kawo ta, gefenta ya lanƙwashe, har na ji tsoro ko ba tawa ba ce. Na shimfiɗa ta a rana na 'yan sa'o'i ta miƙe, ta zauna ɗas. Kafin in yarda da ita, na fito da ita waje na zuba mata bokiti guda, na bar shi minti talatin, na ɗaga na shafa ƙasanta: a bushe ƙarau.

Yanzu duk wata nakan cire ta, in wanke da ruwa da sabulu kawai, ba na shafa mata man ƙyalli don yana sa santsi. Sai ta bushe sarai nake mayarwa, kuma kafin nan nakan ɗaga katakon in leƙa ramin safaya, in sa tafin hannu a kan kafet in ji ko akwai danshi.