Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Baki Ba Ya Wuya, Kunne Ne Aiki

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya kore ni daga shago har kwana tara, ban faɗi laifin da na yi ba. To ga shi.

A 2004 ne, ina ɗan shekara 16, ina zaman koyon gyaran rediyo da kaset a shagonsa na Sabon Gari. Daga tarkacen da yake zubarwa a kwali na tsinci transisto guda, C9018, na naɗa wayar jan ƙarfe zagaye biyar a jikin biro, na ciro makirfo daga mataccen kaset, na haɗa da batir mai bolt 9, na cusa duka a robar sabulu. Tashar FM ke nan, ta ɗan talaka. Muryar da ta ɗauka tana kai kamar gida huɗu ko biyar. Aibinta ɗaya, ba ta zama wuri guda: ka kai hannu kusa da naɗin wayar sai mita ta zame.

Na manta da ita a kunne a kan kabad ɗin Gwaggo. Mai shayin bakin layinmu yana laluben Freedom Radio, wadda ba ta daɗe da buɗewa a mita 99.5 ba, sai ya ci karo da muryar Gwaggo tana lissafa wa ƙawarta abin da babu a kayan ɗakin amaryar Kawu. Majalisa guda ta saurara har ƙarshe, ba wanda ya ce a murɗa. Allah ya jiƙan Gwaggo, har ta koma ga Mahaliccinta "mai gidan rediyo" take kirana, kuma ba yabo ba ne.

Kawu bai dake ni ba. Da ma ya daka. Ya buɗe robar, ya juya ta, ya daɗe yana kallon naɗin wayar, sannan ya ce, "Kai yaro, baki ka ƙera. Baki ba ya wuya, ko jariri da abinsa yake zuwa. Kunne ne aiki." Ya ajiye ta a ƙasa ya taka. Ba takawar ce ta tsaya min a rai ba. Na ga idonsa lokacin da yake kallon naɗin nan, na san ya burge shi, amma ya haɗiye.

Shekarun da na yi a Kaduna ina gyaran waya, da aurena, da rasuwar Baba, ba yau ba.

Ranin 2018 Yaya ya kira ni gonarsa ta Kadawa. Ruwan Tiga yana bi ta kanal, amma nasa fangalin na can kan tudu, sai an tayar da inji. Fetur yana cin ribar tumatir, yaran gona kuma suna ba da ruwa da ka, wani fangalin ya jiƙe har saiwa ta ruɓe, wani ya bushe. Ya ce, "Kai da kake ƙera abin tonon asiri, ba za ka ƙera wanda zai tona asirin ƙasa ba?" Kun ji, shekara 14 ba su manta ba.

Na yi na'ura shida. Kowace tana da ƙusa biyu a binne masu auna danshi, da 'yar ƙwaƙwalwa ATmega328P irin ta cikin Arduino, ɗan allon lantarkin nan da ake tsara wa aiki da kwamfuta, da 'yar na'urar aikawa FS1000A da ba ta fi faɗin babban yatsa ba. Tana aiki a megahaz 433, zangon da rimot ɗin ƙofar gareji da na wasu motoci ke amfani da shi. Ba murya take aikawa ba, kunnawa da kashewa kawai take yi da sauri, wanda ke sauraro ya karanta ɗaya da sifili. Ta bakwai, mai karɓa, na rataye a bukkar Yaya da ɗan allo mai nuna lamba.

A tsakar gida komai ya yi aiki. A gona, taku ashirin, shiru. Nan na tuna lissafin da Kawu ya taɓa rubuta min a bayan rasit: ka raba 300 da adadin megahaz, ka sami tsawon zango, eriya kuma rubu'insa ce. Na raba da 433, ya ba ni kusan santimita 69, rubu'i 17.3. Na yanka waya mai ƙarfi daidai haka, na liƙa da dalma, na tsayar da ita a miƙe. Saƙo ya fara isowa daga nesa. Na yi murna kwana ɗaya.

Washegari allon ya fara nuna shirme. Fangalin da na ga ruwa kwance a cikinsa wai ya bushe ƙayau. Na jona ɗan lasifika a bakin mai karɓar don in ji abin da take ji, sai shuuu kamar ana soya ƙosai. Ashe irin wannan mai karɓa ta araha, in ba ta ji kowa ba, ƙara buɗe kunne take yi har ta ɗauki kowace ƙara ta mai da ita magana. Da an tayar da injin ban ruwa kuwa, tartsatsin fulogi ya cika mata kunne. Ina tsugune a bukkar nan, zufa na zuba a kan allon, na ji muryar Kawu kamar yana bayana. Kunne ne aiki. Na ji haushi ƙwarai, don ba na son ya zama shi ke da gaskiya.

Mako uku na yi a kan kunnen nan. Na sa kowace mai aikawa ta fara da sallama, wato jerin ɗaya da sifili a jere, don mai karɓa ta daidaita jinta kafin saƙo ya zo. Sai lambar fangali, sai awon danshi, sai lissafin tantancewa a ƙarshe, wanda in bai yi daidai ba a watsar da saƙon baki ɗaya. Na sayi wata mai karɓa, RXB6 mai kiristal, na maye gurbin ta arahar, na nisanta ta da inji, na ɗaga eriya a kan gora. Sai kuma na gano shidan nan suna magana lokaci guda kamar mata a gidan suna, ba a jin kowa. Na ba kowace ɗan jinkiri mai canzawa kowane lokaci, ta yadda ba safai biyu ke haɗuwa ba.

Batir kuwa na tsofaffin laftof ne, masu lamba 18650, da nake ɓarewa. Da farko kwana biyu ya mutu. Sai da na koya wa ƙwaƙwalwar barci: ta farka bayan daƙiƙa 8, ta ƙirga, ta koma, sai minti 15 sun cika ta yi awo ta aika. Ƙusoshin ma tsatsa ta cinye su a mako biyu saboda wutar da ke bi ta cikinsu dare da rana, na koma ba su wuta lokacin awo kaɗai.

Akwai wani mai babbar riga da ya zo da masu kyamara ya tsaya kusa da gorar, daga baya na ji wai matasan da ya horar ne suka yi. Ban taɓa shan ko ruwan leda nasa ba. Na bar shi da Allah, amma zan dawo kansa.

Abin da na fi so in faɗa shi ne ranar da na kai wa Kawu mai karɓar. Ido ya riga ya tafi, yana zaune a zaure kan buzu, rediyonsa a cinya yana jiran BBC a gajeren zango. Na durƙusa na ce, "Kawu, ga kunnen." Ya karɓa, ya shafa eriyar da yatsa daga gindi har ƙarshe, ya auna ta da taƙi. Ya juya allon ya bi liƙin ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe numfashi kamar ɗan shekara 16.

Ya ce, "Ka cika dalma."

Ya miƙo min, ya ce in matsa, an kusa fara labarai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda shanu suka tattake uku daga cikin shidan, da rigimar da ta kai mu gaban mai gari.